Gaisuwar Da Ta Rufe Wa Godiya Jarrabawa

Da wuya sati ya wuce wani saurayi ko wata budurwa ba su leƙo shagona a nan Kafanchan ba, waya a hannu, su ce, "Mama Godiya, ina so in shiga karatun kwamfuta ta intanet. An ce wata shida ne kawai, daga nan mutum yana kwance a ɗaki aiki na zuwa." Ni kuma ba ni da saurin baki. Kafin in haɗa amsa, wayar ta yi ƙara, sun tashi sun tafi. Shi ya sa na ce bari in rubuta a hankali, duk wanda ya zo da wannan magana in miƙa masa ya je gida ya karanta.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a tsarin jana'izar wata tsohuwa ce daga Kagoro. Lokacin ina koyo a wurin Oga Yohanna, mai shagon buga takardu kusa da tashar jirgin ƙasa. Ni ban yi firamare ba. A ajin yaƙi da jahilci na harabar coci na koyi karatu, ina goye da ɗana na biyu, malamarmu ce ta kai ni wurin Oga ta ce, "Wannan ba ta gajiya da maimaita abu." Wata uku ya sa na yi ina buga layin tsakiya na tafireta, ya rufa mini tawul a hannu don kada in kalli haruffa. Da ya ga yatsuna sun san hanya, sai ya miƙo mini takardar jana'izar nan, rubutun hannu, sunayen 'ya'ya bakwai a warwatse. Na buga su yadda na gan su. Babu harafi ɗaya da na ɓata. Washegari babban ɗan marigayiyar ya zo yana huci, domin sunan ƙanensa ya hau kan nasa. Oga ya ba shi haƙuri, muka sake bugawa. Da mutumin ya fita, Oga bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Hannatu, injin bai san wa ya girmi wa ba. Ke za ki sani. Ki riƙa tambaya."

Da kwamfuta ta zo shagon, Oga ya ƙi taɓa ta, ya ce idonsa ba zai iya da hasken ba. Ni aka tura. Sati guda ina fama da maus, in tura shi nan kibiyar ta gudu can. Bayan wasu shekaru na buɗe nawa wurin, ɗaki ɗaya da 'yar baranda, a kan ɗan tudu kafin a gangara kasuwa.

Ku da kuke cewa aikin zama ne a inuwa, ku zo da damina ku gani. Takarda tana shan laima, firinta ta haɗiye ta ta maƙale, mai aiki yana tsaye motar Zangon Kataf tana jiransa. A cikin robar da ke da murfi nake ajiye takarda, in zan sa ta sai na kaɗa ta na hura tsakaninta. Kyankyasai suna son ɗumin cikin injin fotokwafi. Tururuwa suna son kibod in yara sun ci biredi a kansa. Ina da ƙaramin buroshi, da tsumma biyu, da sukundireba da ba na ba kowa aro. Wuta kuwa in ta zo ba ka san da wane ƙarfi ta zo ba, sai ka fara kallon allurar sitabilaiza kafin ka kunna komai. Rabin aikin kwamfuta a garin nan tsare kwamfutar ne daga garin.

Wani Arɗo daga wajen rugagen da ke kan hanyar Kauru ya taɓa zuwa da sunayen mutanensa, za a kai wa masu allurar shanu. Sunan Muhammadu ya fito sau tara. Na ce, "Baba Arɗo, waɗannan ai mutum ɗaya ne aka maimaita." Ya yi dariya har ya riƙe sandarsa da hannu biyu. Ya zauna, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da rugarsa. Awa biyu a kan shafi ɗaya. Tun daga ranar duk takardar mutanensa ni ke bugawa.

Mugunyar shekarata ita ce shekarar tsawa. Da rana tsaka hadari ya taso, ina cikin bugun takardun jarrabawar wata makaranta, na ce bari in ƙarasa shafin kafin in cire waya daga bango. Ban ƙarasa ba. Haske ya cika ɗakin, sai warin roba. Kwamfuta biyu da firinta suka tafi a lokaci ɗaya, da aikin mutane na shekaru a cikinsu. Wata biyar ina zaune da tsohuwar tafiretar da Oga Yohanna ya ba ni. Kafin in farfaɗo kuma, wayoyin hannu sun cinye rabin sana'ar. Wanda a da zai zo in buga masa wasiƙa, yanzu da yatsa ɗaya yake aikawa daga kan babur.

Abin da ya tsayar da shagon shi ne kusurwar baya, wajen taga. Ban san dalili ba, amma a duk layinmu babu inda netwok ke kamawa kamar nan. Yara suka gano. Suka fara zuwa da abin kunne, su zauna suna kallon malamai a allo, wani a Legas, wani a ƙasar da ban san sunanta ba. Ni ina bugun katin aure, ina kallonsu ta gefen ido, har na san yadda abin ke tafiya. Satin farko kowa yana da zafi. Sati na uku, lokacin da aka daina ba da labari aka fara lissafi da rubuta wa inji umarni, benci ya fara yin fili. Babu malamin da zai zo gida ya tambayi dalilin rashin zuwanka. Babu ƙararrawa. In ka daina, ko kwamfutar ba za ta yi cigiyarka ba.

Waɗanda suka daure, na ga inda abin ya kai su. Akwai wanda yanzu shi ke gina wa 'yan kasuwar citta na Kwoi shafin da masu saye daga nesa ke ganin kayansu. Akwai wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare. Wani yana Jos yana haɗa wayoyin intanet a ofisoshi, kullum yana kan tsani. Akwai kuma wanda ya tara satifiket fal a cikin waya, amma in ka ce ya gina maka abu ɗaya mai aiki sai ya fara kame-kame. Acaɓa yake yi yanzu, yana gaishe ni in ya wuce.

Godiya, 'yata ta uku, ta gama sakandare ta yi shekara biyu tana jiran jami'a ba ta samu ba. Ta fara zirga-zirga a gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ta share inda ta riga ta share. Sai ta sami gurbi a wata makarantar intanet da ke koya wa 'yan mata gina manhajar waya. Shekara ɗaya da rabi tana wannan kusurwa. A ƙarshe akwai jarrabawa ɗaya ta awa uku. Wadda ta ci, za a haɗa ta da kamfani ta yi koyon aiki. Sau biyu kawai ake ba mutum dama, in ya faɗi duka, gurbin ya tafi.

Ta karanta mini dokokin da Turanci ta fassara mini. Kamara za ta kasance a kunne. Kada fuskarta ta bar allo. Kada a ji muryar wani. Kada wani ya shigo ɗakin. Na ce to. A kaina abin ya zauna a matsayin kada a yi surutu, irin na ajinmu na yaƙi da jahilci. Na nemo labule na raba kusurwar da sauran shagon, na ga na yi ƙoƙari.

Ranar Talata ce, ta fara da ƙarfe goma. Wajen sha ɗaya na zaga baya in duba man janareta. A daidai nan Baba Ayuba ya iso. Ƙanen mahaifin mijina ne, shi ne babba a gidanmu yanzu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, muryarsa har yanzu ta tasha ce. Ya zo da tsarin taron dangi a buga masa. Bai gan ni ba, ya ga ƙafa a ƙarƙashin labule, ya ɗaga.

"A'a! Amaryata ce a ɓoye a nan? Ina kwana ba ya cikin kwamfuta ne?"

Ku da kuka tashi a nan kun san abin da ya biyo baya. Yarinyar ba ta yi tunani ba. Jikinta ne ya yi. Ta zare abin kunne, ta sauko daga kujera, ta durƙusa. "Ina kwana, Kaka. Yaya ƙafa? Yaya Mama?" Shi kuma ya tsaya yana amsawa dalla-dalla, har da labarin maganin da aka canja masa. Ina shigowa na tarar da ita a ƙasa, shi a tsaye, allon kuma ya koma fari da jan rubutu a tsakiya. Injin ya ga fuska ta ɓace, ya ji muryar namiji, ya ga hula ta leƙo. Ya rufe jarrabawar.

"Me ya same shi?" in ji Baba. "Wuta ce?"

Godiya ta ce, "Ba komai, Kaka." Na karɓi takardarsa na buga masa, ya tafi yana yaba saurina.

Ta rubuta musu bayani, cewa kakanta ne, gaisuwa ce. Bayan kwana uku amsa ta zo ta imel, gajeriya. An ƙirga wannan a matsayin dama ta farko. Saura ɗaya, nan da sati biyu.

Sati biyun nan ban zauna ba. Muka gwada gida, netwok sai an hau kan rijiya an ɗaga hannu. Muka gwada ofishin fasto, 'yan kwaya suna koyon waƙa a bayan bango. Muka koma shago na ce bari mu gwada kullewa daga ciki. Ko minti goma ba a yi ba aka fara bugun ƙofa. "Mama Godiya, lafiya? Mun ji janareta, ƙofa a rufe. Ko an yi rasuwa ne?" Mai kanti na gefe har ta leƙo ta taga. A wurinmu ƙofa a rufe da rana, da mutum a ciki, kira ne. Sai na gane babu abin da zai tsare ƙofar nan in ba mutum ba, kuma mutumin ni ce. Na ƙaro doguwar waya, na kai janareta can bayan gidan maƙwabci saboda ƙara. Na toshe tagar da kwali. Na sayo kwaɗo.

Kuskuren da na yi kuma, nawa ne ni kaɗai. Ranar Alhamis a zumuntar mata ta coci, da aka zo roƙon addu'a, na tashi na ce a sa Godiya a addu'a, tana da jarrabawa mai nauyi. Shugabarmu, Mama Tabita, ta ce, "Wace rana? Ƙarfe nawa? A ina?" Na faɗa mata duka. Na ɗauka don ta san lokacin da za ta durƙusa a ɗakinta ne.

Ranar ta zo da hadari a gabas. Rufin shagona kwano ne, in ruwa ya sauko da ƙarfi ko kanka ba ka ji, kuma ban san yadda injin zai ɗauki wannan ƙara ba. Ƙarfe goma saura na kulle Godiya daga waje, na ce in ta gama ta ƙwanƙwasa sau uku. Na ja benci na tare ƙofar, na ɗora littafi da biro a cinya. Duk wanda ya zo, tun daga nesa nake tashi in tare shi a bakin hanya, in gaishe shi a can, in rubuta aikinsa, in ce ya dawo da yamma. Ido ɗaya a hanya, ido ɗaya a sama. In zauna, in tashi, in zaga in saurari janareta, in dawo. Awa ɗaya ta wuce haka.

Sai na ji kacau-kacau.

Mata biyar ne cikin zanen zumunta, Mama Tabita a gaba, ɗaya ta rungumo tukunyar kiɗa, wata tana kaɗa kacau-kacau. A bayansu Baba Ayuba, cikin kwat ɗinsa na Lahadi, da Littafi Mai Tsarki a hammata. Ashe labari ya kai masa cewa shi ya ɓata wa jikarsa jarrabawa, bai gaya wa kowa ba, ya yi shiri ya zo ya gyara.

Na ruga na tare su. Na gaishe su ƙasa-ƙasa. Mama Tabita ta amsa da muryar da take bi da waƙa. "Mun zo mu ɗora mata hannu! Shaiɗan ya ci na farko, ba zai ci na biyu ba! Buɗe mana."

Na ce, "Mama, don Allah a hankali. Ta riga ta fara. In aka ji murya za a rufe."

"Muryar addu'a? Wane Bature ne zai hana sunan Yesu?"

"Ba Bature ba ne, Mama, inji ne. Bai san addu'a ba, bai san zagi ba. Murya kawai ya sani."

Baba bai tsaya sauraronmu ba. Ya ratsa ya nufi ƙofar. Na riga shi, na jingina bayana da kwaɗon. Shekara ashirin da wani abu ina gidansu, ban taɓa tsayawa a gabansa ba, ko hanya muka haɗu ni ke kaucewa.

Ya ce, "Hannatu, minti ɗaya. Ni na ɓata, ni zan shiga in ce mata ta yi haƙuri, in sa mata albarka, in fito. Ba zan daɗe ba."

Na durƙusa a wurin, a kan laka, bayana yana jikin ƙofa. Na ce, "Baba, ba za ka shiga ba."

"Me kika ce?"

"Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama a gida. Amma ba za ka shiga ba, kuma ina roƙonka kada ka ɗaga murya a nan."

Ya dube ni, ya dubi matan da ke kallonmu. Na ga kunnuwansa suna motsi. A gaban mata biyar na coci, matar ɗansa ta hana shi ƙofa. Ya juya ya zauna a can ƙarshen bencin, ya ba ni baya, ya ɗora Littafin a gwiwa.

Na lallaɓa matan zuwa gindin mangwaro a tsallaken titi. Na karɓi tukunyar da kacau-kacau na ajiye a kantin maƙwabciya. Suka kama hannu suka yi addu'a cikin raɗa, sai dai raɗar Mama Tabita ana jinta daga gidan mai. Sau uku ina tsallaka titi ina cewa, "Mama, ƙasa-ƙasa." Sau uku tana cewa, "Ai ƙasa nake yi!"

Awa biyu muka yi a bencin nan ni da Baba, shi a wancan ƙarshe, ni a wannan. Na kawo masa ruwa, bai duba ba. Wani mai fotokwafi ya nufo mu yana sallama da ƙarfi, kafin in tashi Baba ya ɗaga masa hannu ɗaya, ba tare da ya kalle shi ba, mutumin ya haɗiye sauran sallamar ya juya. Ƙarfe ɗaya saura kwata aka fara yayyafi, ɗis, ɗis a kan kwano. Na tashi na tsaya a tsakiyar fili ina kallon sama kamar zan iya tare shi da hannu. Ƙarfe ɗaya da minti biyu aka ƙwanƙwasa sau uku.

Na ruga na buɗe kwaɗon. Godiya ta fito, rigarta jiƙe da gumi saboda tagar da na toshe. Ta ga Baba, ta ga mata suna tsallako titi da gudu, ta gane abin da ya faru. Ta je gabansa ta durƙusa.

"Ina wuni, Kaka."

Ya ci gaba da kallon titi. Ruwa ya fara sauka sosai.

"Kaka, ina wuni. Yaya ƙafa?"

Ya ɗaga hannu ya dubi agogonsa. Ya ce, "Kada ki yi mini magana. Jarrabawa nake yi."

Mama Tabita ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Baba bai yi dariya ba, amma ya ɗora hannu a kan Godiya, ya yi addu'ar da ya zo da ita, doguwa, ruwa yana dukanmu duka. Da ya ce amin ya tashi, ya gyara kwat, ya wuce ta gabana ya tafi. Bai dube ni ba.

Bayan sati biyu sakamako ya fito. Ta ci. Yanzu tana aiki da wani kamfani na Legas da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, aikinta ta gwada manhaja ta nemo inda take karyewa kafin a sake ta ga jama'a. A kusurwar nan take yi har gobe, maƙwabta suna tambayata yaushe yarinyar za ta sami aiki. Da ta je ta gaya wa Baba, ya ba ta kaza, ya ce, "Madalla. Ki gaya wa uwarki ni da ita ba mu gama ba." Na kai masa haƙuri da kaina, mijina ya kai, fasto ya sa baki. Yana amsa gaisuwata, kalma ɗaya. Takardunsa na taron dangi kuwa, wani shago yake kai wa a cikin kasuwa, kuma an ce bara sun ɗora sunan ƙanensa a kan nasa.

To ku da kuke tambayata wane kwas za ku shiga, ban sani ba, ku tambayi Godiya in ta cire abin kunne. Ni tambayata ɗaya ce. Ranar da za a kunna maka kamara awa uku, wa ke gare ka da zai zauna a bakin ƙofa, ya ce wa babban gidanku a'a, ya kuma ci gaba da zama a gidan bayan kai ka wuce?